Shin Noradirenalin Yana Shaƙe Jinin Ƙwaƙwalwa?

Wata ma'aikaciyar jinya a sashen kulawa ta musamman ta yi wannan tambaya: "An koya mana cewa noradirenalin yana matse jijiyoyin jini, kuma da idona nake ganin yatsun majiyyaci suna yin sanyi suna ɗashewa idan aka ƙara masa shi. To me ya sa ake ɗaura wa wanda ya samu mummunan rauni a ka, alhali ƙwaƙwalwarsa ce ta fi kowane sashe buƙatar jini? Anya ba ƙara shaƙe ta muke yi ba?"

'Yar'uwa, abin da kika gani a yatsun nan gaskiya ne, kuma na ji daɗi da kika lura da shi. Noradirenalin sinadari ne da jiki ke fitarwa da kansa, ana kuma ba da shi a asibiti domin ɗaga matsin jini. Amma jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ba sa yi masa biyayya irin ta jijiyoyin yatsa. Suna da makarɓan saƙonsa, suna jin sa, sai dai amsar da suke bayarwa ƙarama ce, kuma akwai abubuwan da suka fi shi iko a kansu nesa ba kusa ba. Idan kin ɗaura maganin ta jijiya, yawancin abin da zai yi wa ƙwaƙwalwa yana zuwa ne ta hanyar ɗaga matsin jinin jiki baki ɗaya.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin babban mutum ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke harbawa, tana shan kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita a lokacin hutu. Wajen mililita 750 ke nan a kowane minti, ko mililita 50 ga kowane giram 100. Ba ta da ajiyar kirki. Idan jini ya yanke mata gaba ɗaya, cikin daƙiƙa 10 ko ƙasa da haka mutum ya suma. Gaɓar da take cikin wannan hali ba za ta yiwu a ce duk lokacin da mutum ya firgita jijiyoyinta sun tsuke kamar na fata ba. Fuskar wanda ya tsorata tana ɗashewa ne saboda jiki ya janye jini daga fata da hanji domin ya tanada wa zuciya da tsoka da ƙwaƙwalwa.

Su makarɓan nan furotin ne da ke zaune a jikin bangon ƙwayar halitta, suna jiran noradirenalin ko ɗan'uwansa adirenalin ya manne musu. A 1948 Raymond Ahlquist, a Amurka, ya nuna cewa iri biyu ne, ya kira su alfa da bita, kuma an ɗauki shekaru kafin a yarda da shi. Shekara biyu kafin haka Ulf von Euler a Suwidin ya tabbatar da cewa noradirenalin ne sinadarin da jijiyoyin saƙo na shirin ko-ta-kwana, wato masu shirya jiki domin faɗa ko gudu idan an firgita, ke fitarwa. Yau an san iri tara, amma gida uku suka ishe ki. Alfa-1 yana jikin tsokar bangon jijiya. Idan aka taɓa shi sai kalsiyam ya ƙaru a cikin ƙwayar, tsokar ta tsuke, hanyar jini ta ƙuntata. Bita yana yin akasin haka a jijiya, yana sassauta tsokar, a zuciya kuma yana ƙara sauri da ƙarfin bugu. Alfa-2 shi ne mai fuska biyu: a jikin tsokar jijiya yana matsewa, amma a bakin jijiyar saƙon da ta fito da noradirenalin ɗin yana gaya mata ta dakata haka nan, a cikin ƙwaƙwalwa kuma yana kwantar da tsarin gaba ɗaya. Shi ya sa kulonidin, wanda ke taɓa alfa-2, yake saukar da hawan jini maimakon ya ɗaga shi.

Duk gidajen nan uku suna jikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Abin tambaya shi ne ta ina noradirenalin yake isa gare su, domin hanyoyin uku ne, kuma kowace da halinta.

Hanya ta farko ita ce wadda kike riƙe da ita a hannu, wato cikin jini. A nan akwai shinge. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa a manne suke da juna gam, babu ƙofar da sinadari irin noradirenalin zai zurara, kuma a cikinsu akwai sinadaran da ke farfasa ɗan abin da ya yi ƙoƙarin kutsawa. Tsokar da ke ɗauke da alfa-1 kuwa tana bayan wannan shinge ne. Tun a 1952 Louis Sokoloff da abokan aikinsa suka gwada wannan a jikin mutane, da hanyar auna jinin ƙwaƙwalwa da Seymour Kety da Carl Schmidt suka ƙirƙiro. Noradirenalin ya ɗaga matsin jini sosai amma jinin ƙwaƙwalwa ɗan raguwa kawai ya yi. Adirenalin kuwa ya ƙara jinin, ya kuma ƙara yawan oksijin da ƙwaƙwalwar ke sha.

Me ya hana jinin ƙaruwa duk da matsin ya hau? Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna da nasu tsarin daidaita kai. Idan matsi ya miƙar da bangonsu sai su tsuke, idan ya ragu sai su buɗe, abin da William Bayliss ya fara bayyanawa game da jijiyoyin jini a 1902. A 1959 Niels Lassen na Denmak ya zana taswirar da har yau take cikin littattafai, inda jinin ƙwaƙwalwa ke zama kusan daidai tsakanin matsakaicin matsi na wajen 60 zuwa 150 a ma'aunin hawan jini. Binciken baya-bayan nan ya nuna filin bai kai faɗin haka ba, ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma ƙwaƙwalwa ta fi iya tare hawan matsi a kan faɗuwarsa. Amma ainihin maganar tana nan. Saboda haka idan kin ga jijiyar ƙwaƙwalwa ta tsuke bayan an ba da noradirenalin, mafi yawan tsukewar martani ne ga matsin da ya hau.

Wanda ya fi kowa iko a kan waɗannan jijiyoyi shi ne iskar kabon dayoksaid. Idan ta ragu da maki ɗaya tak a cikin jini, jinin ƙwaƙwalwa yana raguwa da kusan kashi 3 cikin 100. Ki lissafa: majiyyacin da ke kan na'urar numfashi, aka yi ta hura masa iska da sauri har awon ya sauko daga 40 zuwa 30, ya rasa kusan kashi 30 na jinin ƙwaƙwalwarsa. Noradirenalin ɗin da ke sa ki fargaba ba zai yi masa ko kusa da wannan ba. Wannan abu yana damuna, domin sau da yawa idon kowa yana kan famfon magani, na'urar numfashi kuma tana can tana ɓarna shiru.

Hanya ta biyu ta waje ce. Akwai wani kumburin jijiyoyin saƙo a saman wuya, ɗaya a kowane gefe, wanda zarensa ke bin manyan jijiyoyin jini zuwa cikin ƙoƙon kai, ya nannaɗe su kamar raga. Masana a jami'ar Lund ta Suwidin ne suka fito da hoton wannan raga a fili a shekarun 1960, da wata dabara da ke sa noradirenalin ya yi haske a ƙarƙashin madubin likita. Zaren yana da yawa a jikin manyan jijiyoyi na gindin ƙwaƙwalwa da waɗanda ke kwance a samanta, amma da zarar jijiya ta nutsa cikin naman ƙwaƙwalwar sai ya yi ta raguwa har ya ƙare. Shi wannan noradirenalin ba ruwansa da shinge, tunda daga waje yake sauka kai tsaye a kan tsoka.

Abin da ya rikita masana shi ne, da suka zuga wannan zare da lantarki a jikin dabbobi masu daidaitaccen matsi, jinin ƙwaƙwalwa bai ragu ba sai kaɗan, a wasu dabbobin ma ko gezau, kuma bayan ɗan lokaci ya koma yadda yake. Da suka yanke shi ma babu wani babban canji. An sha kai ruwa rana a kan haka, har a 2008 wata babbar mujallar ilimin aikin jiki ta buga muhawara tsakanin ɓangarori biyu, masu cewa zaren yana da tasiri da masu cewa ba shi da shi. Ni ina tare da masu cewa yana da shi, amma sai an neme shi a lokacin da ya dace.

Lokacin kuwa shi ne sa'ad da matsi ya yi tashin gwauron zabi. A shekarun 1970 Anders Bill a Suwidin, da Donald Heistad da abokansa a Amurka, sun ɗaga matsin jinin dabbobi farat ɗaya. A gefen kan da zaren ke aiki, jijiyoyi sun riƙe, shinge bai tsage ba. A gefen da ba ya aiki, jini ya kwararo fiye da kima, ruwa da furotin suka ɓulla cikin naman ƙwaƙwalwa. Ki ɗauke shi kamar makunnin da ke kan babban bututun ruwa kafin a kai ga siraran bututai: kullum a buɗe yake ba wanda ya san da shi, sai ranar da ruwa ya zo da ƙarfin da zai fasa na ciki, sannan a murɗa shi. Wannan yana yiwuwa ne saboda a ƙwaƙwalwa manyan jijiyoyi suna ɗaukar kaso mai yawa na tare matsi, fiye da yadda suke yi a sauran gaɓoɓi. Kuma irin wannan rana tana zuwa a rayuwar yau da kullum. A 1985 an auna matsin jinin masu ɗaga ƙarfe a Kanada, ta cikin jijiya, suna tsaka da yunƙuri. Matsakaicinsu ya kai 320 bisa 250, ɗaya daga cikinsu har 480 bisa 350. A jikin mutane ma, idan aka toshe alfa da magani, canjin matsi yana wucewa zuwa jinin ƙwaƙwalwa cikin sauƙi fiye da da.

Akwai wata alama da za ki iya haɗuwa da ita a wurin aiki. Jijiyoyin jini na bayan ƙwaƙwalwa ba su kai na gaba yawan wannan zare ba. Wannan yana cikin dalilan da ake bayarwa na cewa idan hawan jini ya yi tsanani kwatsam, kamar a jijjigar masu juna biyu, kumburin ya fi bayyana a ƙeya, inda cibiyar gani take, sai mace ta ce idonta ya yi duhu ko tana ganin walƙiya kafin jijjigar ta kama ta.

Amma kariyar tana da farashi. Idan mutum yana zubar da jini, jiki ya zuga tsarin ko-ta-kwana baki ɗaya, wannan matsewar ta manyan jijiyoyi tana sa ƙwaƙwalwa ta fara rasa jini a matsin da ya fi na wanda magani ne ya saukar masa da matsi. An nuna haka a jikin birai a Gilasgo ta Sikotilan a tsakiyar shekarun 1970. Ke nan lamba ɗaya a kan allo ba ta nufin abu ɗaya ga majiyyata biyu.

Hanya ta uku ita ce ta fi burge ni. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan shuɗin tabo da ake kira lokus serulus, ƙwayoyinsa gomman dubbai ne kawai a cikin biliyoyi, amma rassansa sun ratsa kusan ko'ina, kuma shi ne babban tushen noradirenalin na cikin ƙwaƙwalwa. Shi ke farkar da mutum, shi ke sa a mai da hankali. Rassansa suna ƙarewa kusa da siraran jijiyoyin jini da wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro da ke rungume da su. A nan ayyuka biyu suke cin karo. Ta hanyar alfa yana ɗan matse ƙananan jijiyoyi. Ɗakin binciken David Attwell a Landan ya nuna cewa ƙwayoyin ferisait, waɗanda ke naɗe da jijiyoyi mafi sirantaka, suna tsukewa idan noradirenalin ya taɓa su. Ta hanyar bita kuma yana sa ƙwayoyi masu siffar tauraro su farfasa ɗan sukarin da suka adana, yana ƙara wa ƙwaƙwalwa aiki, aiki kuwa shi ke kiran jini, kamar yadda Roy da Sherrington suka faɗa tun 1890. Bincike a jikin ɓeraye ya nuna amfanin haɗuwar biyun: idan ko'ina ya ɗan tsuke, sashen da yake aiki tuƙuru yana buɗe nasa jijiyoyin, sai jinin ya karkata zuwa inda ake buƙatarsa.

A barci ma yana da rawar da yake takawa. A 2025 ɗakin binciken Maiken Nedergaard ya wallafa cewa a lokacin barci mai nauyi noradirenalin na ɓera yana hawa yana sauka kusan kowace daƙiƙa 50, jijiyoyi suna tsukewa suna buɗewa tare da shi, wannan motsi kuma yana tura ruwan da ke wanke dattin ƙwaƙwalwa. Maganin barcin nan zolfidem ya rage motsin. A ɓera aka gani, don haka kada a yi saurin kai shi gadon majiyyaci.

Yanzu mu koma kan mai raunin kai. Ƙoƙon kai ba ya miƙewa. Idan ƙwaƙwalwa ta kumbura, matsin cikin kai yana hawa, yana tura jini baya. Abin da ya rage na tura jini ciki shi ne matsakaicin matsin jini a debe matsin cikin kai. A ce matsakaicin matsin majiyyacinki 65 ne, na cikin kansa 25, saura 40. Ƙa'idar da ake bi a manyan asibitoci ita ce a riƙe wannan lamba tsakanin 60 da 70. Da 40 jijiyoyinsa sun riga sun buɗe iya buɗewa, jinin da ke cikinsu ya ƙara cika kai, ƙwayoyi suna mutuwa. Idan kika ɗaga matsinsa zuwa 85, jini ya samu shiga, kuma idan tsarin daidaita kansa yana aiki, jijiyoyin za su ɗan tsuke, matsin cikin kai ma ya sauko. Yatsunsa sun yi sanyi ne domin jinin da aka hana su ya taimaka wajen ɗaga matsin da ƙwaƙwalwa ke buƙata.

Duk da haka fargabarki tana da tushe, sai dai ba a inda kika sa ta ba. A ƙwaƙwalwar da ta ji rauni, shinge yana iya tsagewa, tsarin daidaita kai yana iya lalacewa. A nan duk abin da kika ƙara a matsi zai wuce kai tsaye, ya ƙara kumburi ko zubar jini. Maganin ma yana iya ƙetarawa ya taɓa bita. A gwajin birai, da aka buɗe shingen da gangan, noradirenalin ya ƙara jinin ƙwaƙwalwa da shan oksijin ɗinta, ƙwaƙwalwar da ke fama kuwa ba ta buƙatar ƙarin aiki. Wani gwaji da aka buga a 1999 a Amurka ya nuna cewa dagewa sai an wuce 70 da ruwa da magungunan ɗaga matsi ya ninka mummunan ciwon huhu kusan sau biyar, ba tare da majiyyatan sun fi samun sauƙi ba. Saboda haka idan kin ƙara magani kin ga matsin cikin kai yana hawa tare da matsin jini, ki kira likita nan take. Alama ce tsarin daidaitawar ya karye.

A ɗakin tiyata za ki ji masu sa barci suna gardama kan fenilefirin da efedirin, magunguna biyu na ɗaga matsin jini. Fenilefirin alfa-1 kaɗai yake taɓawa; yana ɗaga matsi amma zuciya tana rage gudu, jinin da take harbawa ya ragu, kuma na'urar da ake manna wa goshi tana nuna oksijin ya sauka. Efedirin yana taɓa bita ma, sai lambar ta tsaya ko ta hau. Sai dai hasken na'urar yana ratsa fatar goshi kafin ya kai ƙwaƙwalwa, fatar kuwa tana tsukewa sosai da alfa-1, don haka wani ɓangare na faɗuwar daga fata yake. Deksmedetomidin, maganin kwantar da majiyyaci mai taɓa alfa-2, yana rage jinin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 30 a jikin lafiyayyu, amma yana rage aikinta tare, sai buƙata da samu su tafi daidai.

Inda adirenalin ya fi sa likitoci tunani shi ne tsayawar zuciya. Alfa-1 yana matse jijiyoyin jiki ya tura jini zuwa zuciya, shi ya sa take sake bugawa. Amma a gwajin aladu an ga jini yana raguwa a siraran jijiyoyin ƙwaƙwalwa bayan allurar. A 2018 aka buga sakamakon wani babban gwaji a Birtaniya mai mutane sama da 8,000: kashi 3.2 na waɗanda aka yi wa adirenalin sun kai kwana 30 da rai, sauran kuwa kashi 2.4, amma a yawan waɗanda suka tashi da lafiyayyar ƙwaƙwalwa bambancin bai taka kara ya karya ba. Har yanzu ana ba da shi, kuma daidai ne a bayar, amma a nan tambayarki tana da nauyi sosai.

Magungunan da mutane ke sha a gida ma suna shiga wannan magana. Jirin da tsoho ke ji idan ya miƙe bayan ya fara shan tamsulosin ko doksazosin saboda matsalar fitsari, daga faɗuwar matsin jiki yake, domin magungunan suna toshe alfa-1, sai jijiyoyin ƙafa da ciki su kasa tsukewa. Furofaranolol, mai toshe bita, wanda James Black ya samar a farkon shekarun 1960, yana rage yawan ciwon ɓarin kai ba tare da ya canza jinin ƙwaƙwalwa sosai ba. Masu haɗari su ne masu zuga tsarin. Hodar iblis tana hana jijiyar saƙo ta sake tsotse noradirenalin ɗin da ta fitar, matsi ya hau, jijiyoyin ƙwaƙwalwa su tsuke, matashi ya samu shanyewar ɓarin jiki. A shekarar 2000 hukumar magunguna ta Amurka ta nemi a janye fenilfurofanolamin daga magungunan mura da na rage ƙiba saboda zubar jini a ƙwaƙwalwa. A 2024 Tarayyar Turai ta tabbatar da gargaɗin cewa masu tsananin hawan jini ko tsananin ciwon ƙoda kada su sha maganin mura mai sudo'efedirin. Idan aka kawo miki wanda ciwon kai ya sara kamar tsawa cikin minti ɗaya, ki tambayi 'yan'uwansa abin da ya sha a kwanakin nan, har da maganin toshewar hanci, domin da wuya su ambace shi da kansu.